Man Zafin Ranar Litinin

Duk mai kallon shirin Lallen Batul a Zariya bai tashi da daɗin rai ba ranar Litinin ɗin nan. Shekara biyu cur ana bin shirin a talabijin duk Lahadi, sai ga shi an rufe shi da abin da ko maƙiyi bai zata ba. Nafi'u, mijin da iyaye mata ke yi wa 'ya'yansu addu'ar samun irinsa, ya rubuta wa Batul saki ranar sunan ɗansu, ya sa takardar a ƙarƙashin faifan da aka rufe mata abinci da shi, ya shiga mota ya bar gari. Shi ke nan fa. Aka saki kiɗa, aka rubuta ƙarshe.

Wai! Zo ka ga tsinuwa. A wajen niƙa na Ƙofar Jatau mata sun manta da markaɗensu. 'Yan Keke Napep na gardama da fasinja har su wuce inda za a sauka. Wata mai ƙosai ta rantse in Nafi'u ya zo saye, ko ya ninka kuɗin ba za ta sayar masa ba.

Radiya kaɗai ke jin duk wannan tana ƙunshe dariya a mayafi, don ita ta san Nafi'u farin sani. Sunansa na yanka Aƙilu, malamin lissafi ne a wata sakandare, ɗan Gyallesu, fitowa a shirin kuwa abokinsa ne ya ja shi. Ranar Juma'ar nan ma manyansa za su zo gidan su Radiya a Limancin Kona a sa ranar aurensa da ita.

Da hantsi ya kira ta a waya, murya kamar ta maraya.

"Radiya, yau na ga ta kaina. Ɗalibaina mata sun ƙi amsa sallamata. Wata har da harara."

"Maganinka ke nan," ta ce tana dariya. "Wa ya aike ka sakin 'yar mutane?"

"Ke ma?"

"Ni tawa tana nan tafe, sai na shigo gidan."

Dariyarta dai da ɗan tsoro a ƙarƙashi. Mahaifinta, Malam Lawal, malamin zaure ne, gidansa babu talabijin kuma ba a taɓa sawa ba. Ya san Aƙilu malamin makaranta ne, iyakar saninsa ke nan. Sau uku Aƙilu na cewa bari ya gaya masa maganar shirin, sau uku Radiya na roƙonsa ya bari sai an sa rana. Gobe, gobe, har goben ta zo ta same su.

Abu ɗaya ya rage kafin Juma'a, wato bincike. Ba a ba da 'ya a gidan nan sai an tura babba unguwar yaro ya tambayo halinsa. Malam ya tura ƙanensa, Baffa Sadiƙu, mai rubuta Alƙur'ani da hannu, mutumin kirki na ƙarshe, amma duniya ta yi nisa ta bar shi a kan buzu. Bai san wani Lallen Batul ba, in ka ce masa lalle sai ya ɗauka na biki kake nufi.

Shi ne fa, duk kwanakin Allah, bai tashi zuwa Gyallesu ba sai wannan Litinin. Ya sauka a bakin titi, ya ga shagon teloli cike da mutane ana ta hayaniya, ya ce to ga majalisa. Ya yi sallama, ya zaro hoton Aƙilu daga aljihu.

"Bayin Allah, ko kun san wannan?"

Ai kamar ya watsa wa kaji tsaba.

*

Bayan la'asar aka ce Radiya ta zo Malam na kira. Ta same shi a shigifa, Baffa Sadiƙu na gefe ya cire hula yana fifita da ita, idonsa jajir. Ta durƙusa ta gaishe su.

"Radiyatu," in ji Malam, "Allah Ya tsare ki. Yaron nan yana da mata, ko in ce ya yi. Ya sake ta ranar suna, ya gudu."

"Har sunansa ma ya ɓoye mana," Baffa ya karɓe. "Nafi'u ake ce masa. Mutum bakwai suka gaya mini, baki ɗaya, babu wanda ya saɓa wa wani. Wani tela har hawaye ya yi saboda yarinyar. Batul sunanta, Allah Sarki."

Radiya ta ji kamar ta yi dariya, ta ji kamar ta kurma ihu. Sai hawaye suka riga su duka.

"Abba, wallahi ba haka ba ne. Shiri ne na talabijin, wasan kwaikwayo. Nafi'u sunan da aka sa masa ne a ciki. Ga shi nan a wayata, in ka duba..."

Malam ya ɗaga hannu.

"Ban taɓa kallon irin waɗannan abubuwa ba, ba kuma a kanki zan fara ba. Shi ya gaya miki haka? Wanda ya iya ɓoye mata zai rasa labarin da zai shirya miki? Mai so ba ya shaida, Radiyatu. Baffanki ya ji daga bakin magidanta bakwai."

"Abba..."

"In kuma yadda kika faɗa ne, to kin ƙara masa laifi na biyu. Ya zauna a zauren nan ya sha furata, ya ɓoye mini sana'arsa."

Nan kam an taka mata inda ke ciwo.

"Ba zan yi miki dole ba, ban yi wa yayyenki ba," Malam ya ci gaba, muryarsa ta sauko. "Ga Haisam ɗan Alhaji Dogara, shekara guda yana aiko mini, mun san gidansu tun kakanni. In ba ki so, ki zauna Allah Ya kawo wani. Amma wannan, gobe bayan azahar zan aika Gyallesu su yi zamansu. Sai fa in akwai babba mai hankali guda ɗaya da zai zo gabana ya ce ya san gaskiyar abin da idonsa. Tashi ki je."

Ta tashi ta fita. Babba mai hankali da Malam zai yarda da shi, wanda kuma ya san Lallen Batul da idonsa? Duk Limancin Kona mutum ɗaya ta sani.

*

Hajo, mahaifiyar Malam, ta haura tamanin, ɗakinta na can ƙuryar gida kusa da bishiyar lemo. Kowa a gidan ya san duk Litinin da hantsi Radiya kan shiga ta saki labule ta shafa wa kakarta man zafi a gwiwa, kuma ba a son a dame su. Abin da ba a sani ba shi ne, man zafin a bakin ƙofa ake ɗan goga shi don warin ya fita tsakar gida. A ciki kuwa waya ce jingine da langa, tsohuwa ta saka tabarau tana yi wa mutanen cikin shirin faɗa ƙasa-ƙasa. Shekara biyu ke nan, ko kashi ɗaya bai wuce ta ba.

Ranar da ta gane Nafi'un shiri ne ke zuwa zance wajen jikarta, sai da ta yi guɗa a cikin filo. Angona take ce masa. Amma tun da suka kalli kashin ƙarshe da safen nan ta cire tabarau, ta juya wa bango fuska, ko abincin rana ba ta taɓa ba.

Radiya ta shiga ta zube a gaban gadon, ta kwashe komai ta gaya mata.

"Hajo, ke kaɗai ce. Ki gaya wa Abba kin gani."

"In gaya wa wa?"

"Abba."

Tsohuwa ta juyo a hankali.

"Ke yarinyar nan ba ki da ta ido. Shekara sittin da biyu ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa tsayawa gabansa na yi doguwar magana ba. Ɗan fari ne. Sai yau, da furfurata, in je in ce masa uwar malam na laɓewa tana kallon wasa a gidan da ya hana? Da wane bakin?"

"To shi ke nan in rasa shi?"

"Ki rasa. Asarar me kika yi? Ba ki ga fuskarsa ba lokacin da yake ɗaga faifan? Ko hannunsa bai yi rawa ba."

"Hajo, rubuta masa aka yi! An ce ya yi ne ya yi!"

"Da aka ce ya yi, ba shi da bakin cewa a'a?"

Radiya ta kifa kai a gwiwar kakarta ta saki kuka sosai, irin wanda ba a yi don a gani.

"Ni ce na hana shi faɗa wa Abba. Sau uku yana cewa zai faɗa. Laifina ne, shi za a kora da sunan macuci a kan abin da bai yi ba. Ina son shi, Hajo. Wallahi ina son shi, kuma ban san yadda zan yi ba."

Can dai Radiya ta ji hannun Hajo mai sanyi a kan ɗankwalinta.

"Ke kin ɗauka Batul nake yi wa fushi?"

Radiya ta ɗago.

"Kafin kakanki na yi wani auren. Ba ku sani ba, don ba abin tallatawa ba ne. Wata bakwai. Ran nan na dawo daga rijiya na ɗaga faifan tuwona, sai ga takarda a ninke. Ni ban iya karatu ba. Murna na yi ta yi, na zaci addu'a ya rubuta mini don zai yi tafiya. Kwana uku tana ɗaure a bakin zanena."

"Innalillahi..."

"Rana ta huɗu na kai wa wani matashin malami a maƙwabta ya karanta mini. Ya duba, ya duba, ya kasa ɗago kai." Ta ɗan yi murmushi, hawaye na bin tsagar fuskarta. "Kakanki ke nan. Bayan idda ya aiko. Shekara arba'in da ɗaya muka yi, ko kallon banza bai taɓa yi mini ba. Na zaci na manta da faifan nan, Radiya. Sai yau yaron nan ya ɗaga shi a gabana."

A tsakar gida wata na daka, tana rera waƙa abinta.

"Tashi ki wanke fuska," in ji Hajo. "Ban ce zan je ba."

*

Washegari bayan azahar Radiya na bakin rijiya tana wanke kwanuka, kwano ɗaya take ta cuɗawa tun ɗazu. Ta ga Baffa Sadiƙu ya shiga shigifa da babbar riga, alamar shi za a aika Gyallesu.

Sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Hajo ce da sandarta, ta yafa farin mayafin da take zuwa Idi da shi. Matan gida suka saki baki, don rabon da a ga tsohuwa ta nufi wajen maza tun rasuwar mijinta. Radiya ta yar da soso ta bi ta, ta maƙale a bayan ƙyaure.

Malam da Baffa suka zabura suka durƙusa.

"Inna, lafiya? Da kin aiko ai."

Hajo ba ta ko dubi inda ɗan farinta yake ba. Ta ba shi gefen kafaɗa, ta fuskanci ƙanensa.

"Sadiƙu, an ce ka je bincike."

"Na je, Inna."

"Sun gaya maka ranar suna ya sake ta."

"Haka ne."

"Sun gaya maka ragon sunan baƙi ne mai farin goshi?"

Baffa ya yi turus. "Wani ya faɗi haka."

"Faifan mai ja da kore ne. Uwar yarinyar gurguwa ce, tana sayar da daddawa. Shi kuma shuɗiyar shadda ya sa, hularsa ta karkace hagu. Ƙarya na yi?"

"Inna... a ina kika ji duk wannan?"

"Ji? Ina wurin! Tun ranar da ya fara ganinta a layin asibiti nake wurin. Ni na ga kai lefe, na ga ɗaurin aure, na ga ɓarin da ta yi na fari. Shekara biyu, duk Litinin, a cikin wayar yarinyar can da ke laɓe tana zaton ban gan ta ba. Gwiwata lafiyarta ƙalau, man zafi kuwa ƙyauren ɗakina ya sha shi."

Radiya ta toshe baki da mayafi.

"Wasa ne, Sadiƙu, irin tashen da kuke yi da azumi kuna yara, har ka sa gemun auduga ka zama tsoho. Da ka sa gemun, jikoki ka haifa? An aike ka ka tambayi limaminsu da maƙwabcinsa da wanda suke aiki tare, ka je ka tsaya a shagon teloli! Ka gaya wa mai gidan nan in babba yake nema, ga ni. In kuma akwai hukuncin mai kallo, ya fara da uwarsa."

Muryarta ta ɗan karye a kan kalmar ƙarshe. Radiya na jin haka ta san abin da fitowar nan ta ci wa tsohuwa.

Malam Lawal kansa na ƙasa. Da ya yi magana, shi ma ƙanensa ya fuskanta, don kunyar ba ta gefe ɗaya ba ce.

"Sadiƙu, ka ce wa Inna shaidarta ta wadatar, ta yafe mana mun taso ta." Kafaɗarsa ta ɗan motsa, ya yi gyaran murya. "Ka koma Gyallesu. Wannan karon ka wuce shagon teloli."

Baffa ya share gumi. "To ita Batul ɗin fa, wa ke riƙe da ita yanzu?"

Ai Malam bai san lokacin da dariya ta ƙwace masa ba.

*

Binciken na biyu ya dawo fari tas. Limamin unguwarsu ya ce a sahun farko Aƙilu yake salla ko da asuba, shugaban makaranta ya ce ya fi kowa zuwa da wuri, maƙwabci ya ce shi ke kai masa tsohuwarsa asibiti. Saura magana ɗaya, Malam ya ce Aƙilu ya zo da kansa ranar Alhamis da hantsi.

Radiya ta koma bayan ƙyaurenta.

"Me ya sa ka ɓoye mini?" in ji Malam.

"Tsoro, Malam. Na ji tsoron ka hana ni ita. Kuskure na yi, ba ni da wata hujja."

"Kai kaɗai ka yanke shawarar ɓoyewar?"

Radiya ta ƙara kasa kunne.

"Ni ne namiji, Malam. Ni ya kamata in faɗa."

Ta jingina kai da bango, wani sanyi ya ratsa ta har ƙafa. Malam ya san 'yarsa, ya kuma gane abin da aka rufe, bai tona ba.

"Ban son sana'ar nan, ba zan ɓoye maka ba. Amma na ga ba ka da ƙarya biyu. Gobe manyanka su zo. Yanzu ka shiga ciki, akwai wadda shari'arka ke hannunta, ni ba ni da iko a can."

Aka yi masa iso har ɗakin ƙurya. Ya tsuguna a bakin ƙofa, warin man zafi ya buge shi har ya yi atishawa. Hajo na kan gado ta saka tabarau, ta ƙare masa kallo sama da ƙasa. Radiya na tsaye a gefe tana wasa da bakin mayafi.

"Ina kwana, Hajiya."

"Da ban kwana ba ka gan ni? Kai ne Nafi'u."

"Aƙilu dai, Hajiya."

"Ni Nafi'u na sani. Tashi ka je ka mai da Batul ɗakinta."

"Hajiya, ai shirin ya ƙare. Wallahi na roƙi mai rubutawa ya canza, ya ƙi. Sau biyar ana ɗaukar wurin nan saboda hannuna na rawa, sai da aka yi mini faɗa."

Tsohuwa ta kafe shi da ido.

"Ya yi rawa?"

"Sosai."

Ta cire tabarau ta goge da bakin zane, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta miƙa hannu bayan gado ta jawo wani tsohon faifai, launinsa duk ya koɗe, bakinsa ya zare. Radiya ta sha ganinsa a rataye, ba ta taɓa tambaya ba. Yanzu ta gane faifan auren Hajo na fari ne.

"Shekara biyu ina zaune ina jiran in ga auren nan ya zauna, suka hana ni," in ji Hajo. "To ni ban yarda da ƙarshensu ba. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ungo."

Aƙilu ya karɓa da hannu biyu.

"Ku tafi da shi gidanku, ta riƙa rufe maka abinci. Duk Litinin zan sa a kawo ni in ɗaga shi da hannuna."

"In Allah Ya yarda, Hajiya, ba za ki taɓa samun komai a ƙarƙashinsa ba sai tuwo."

"Da nama," ta ce. "Ban son rowa."

Radiya ta yi dariya, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Hajo ta mai da tabarau, ta gyara zama, ta miƙe ƙafa ɗaya.

"Ke kuma tsaya kallon ango. Ɗauko man nan ki shafa mini, yau da gaske take ciwo. Shekaranjiya na taka ta har shigifa."